Darasi na 14: Gyaran Ƙasar Noma da Ƙarafa Masu Guba Suka Ɓata

Manufar darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana sa ran za ku iya:

1. ambata ƙarafa masu guba da hanyoyin da suke bi su shiga gona;
2. bayyana bambanci tsakanin cire guba daga ƙasa da ɗaure ta a cikinta;
3. faɗin amfanin toka da gawayi da ƙashi da taki wajen gyaran ƙasa;
4. gina sunaye masu ɗafa-goshin "ma-" da kuma aikatau masu ƙarewa da "-u".

Shimfiɗa

Ɗalibai, ko daga wane yanki na Nijeriya kuka fito, abincin da ke cikin kwanonku daga ƙasa ya samo asali. Doya da rogo, shinkafa da masara, alayyafo da tumatir, duk da saiwarsu suke shan ruwa da abinci daga cikin ƙasa. Manomi yakan gane ƙasa mai kyau da launinta da laushinta, yakan kuma gane wadda ta gaji idan ya ga shuka ta tsumbure. Amma akwai wata cutar ƙasa da ido ba ya gani, hanci kuma ba ya ji. Gona tana iya yin kore shar, ganye ya yi faɗi, a kai kasuwa a saya, alhali kuwa yana ɗauke da guba.

Wannan darasi zai nuna muku yadda ake rage cutarwar irin wannan guba da abubuwan da muka saba zubarwa a juji. Ku karanta a tsanake, ku kuma lura da kalmomi biyu da za su yi ta maimaituwa, wato "cirewa" da "ɗaurewa". Wanda ya fahimci bambancinsu ya fahimci darasin.

Waɗanne ne ƙarafa masu guba?

Ba kowane ƙarfe ne abokin gāba ba. Jikin mutum da na shuka suna bukatar ɗan kaɗan na baƙin ƙarfe da tutiya da jan ƙarfe. Amma akwai waɗanda jiki ba ya da wata bukata gare su, sai cutarwa kawai. Daga cikinsu akwai dalma, wadda ake samu a batirin mota da wasu fenti, da kadmiyam, wanda ke cikin wasu ƙananan batura, da zaiba, wadda masu haƙar zinariya ke amfani da ita wajen tattara zinariya. Akwai kuma kuromiyam, wanda manyan majemu ke jeme fata da shi, wani nau'insa kuma yana da guba ƙwarai. Masana sukan haɗa da asenik a wannan jeri, ko da yake shi ba cikakken ƙarfe ba ne.

Kowannensu da irin ɓarnarsa. Dalma tana taɓa ƙwaƙwalwa da jini, ta fi kuma cutar da ƙananan yara. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa ba a san wani adadi na dalma a jinin mutum da za a ce ba shi da haɗari ba. Kadmiyam yana taruwa a ƙoda, yana kuma raunana ƙashi. Zaiba tana lalata jijiyoyi.

Abin da ya sa waɗannan ƙarafa suka zama matsala ta daban shi ne ba sa ruɓewa. Ganye yakan ruɓe, kashin dabba yakan ruɓe, har man da ya malala a ƙasa ƙwayoyin halitta sukan cinye shi sannu a hankali. Ƙarfe kuwa, rana ba ta ƙone shi, ƙwayoyin halitta ba sa cinye shi. Misali, a da ana zuba dalma a cikin fetur. A shekarar 2021 aka daina sayar wa motoci irin wannan fetur a duk duniya, ƙasar Aljeriya ce ta ƙarshe. Duk da haka, dalmar da hayaƙin motoci ya zubar shekaru da dama tana nan kwance a ƙasar gefen tsofaffin hanyoyi na manyan birane.

Ta ina suke shiga gona?

Hanya ta farko ita ce haƙar ma'adinai. Dutsen da ke ɗauke da zinariya yakan ƙunshi wasu ƙarafan, idan aka niƙa shi sai ƙurarsa ta bazu. Ta biyu ita ce ruwan masana'antu. A Kano, alal misali, akwai majemu da wasu masana'antu a yankunan Challawa da Sharaɗa da Bompai, kuma masu noman rani da yawa suna shayar da lambunansu da ruwan da ya ratsa cikin birni. Ta uku ita ce narka tsofaffin batura da ƙona tsofaffin kayan lantarki don ciro wayoyin da ke cikinsu, sana'ar da ake yi a gefen manyan biranenmu na kudu da arewa. Ta huɗu ita ce takin juji. Tun zamanin da, manoman kewayen Kano suke ɗebo sharar birni a kan jakuna su zuba a gonakinsu, ƙasa kuma ta amfana. Sai dai sharar da ba ta wuce toka da ƙaiƙayi da kashin dabbobi a da ba, yau ta haɗa da batura da gwangwanayen fenti da ɓaraguzan kayan lantarki.

Darussa biyu daga tarihi

A shekarar 2010, ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka lura da yawan mutuwar ƙananan yara a wasu ƙauyuka na ƙananan hukumomin Anka da Bukkuyum a Jihar Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma. Da aka bincika, sai aka gano gubar dalma ce. Mutane suna kawo dutsen zinariya cikin gida, suna daka shi a turmi ko su niƙa shi a injin niƙan hatsi. Ƙurar ta lulluɓe tsakar gida inda yara ke rarrafe suna sa hannu a baka. Yara fiye da 400 suka rasu. A wasu wuraren, dalmar da ke cikin kilo guda na ƙasa ta haura miligiram 100,000, alhali iyakar da hukumar kare muhalli ta Amurka ta sa a lokacin ga filin wasan yara ita ce miligiram 400. A nan babu wata dabara da ta wuce a kankare saman ƙasar, a kwashe, a binne a rami na musamman, a kawo sabuwa a shimfiɗa. Haka aka yi ƙauye bayan ƙauye, sai a shekarar 2013 aikin ya kai ga garin Bagega. A 2015 irin wannan annoba ta sake aukuwa a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja.

Darasi na biyu daga ƙasar Japan yake, kuma ya shafi gonaki kai tsaye. Ruwan wata mahaƙa da ke Kamioka ya yi shekaru yana zubar da kadmiyam a cikin kogin Jinzu, wanda ya ratsa lardin Toyama. Manoma suka riƙa shayar da shinkafa da ruwan kogin, shinkafar ta tsotsi ƙarfen, mutane suka ci. Mata da yawa suka kamu da ciwon ƙoda da na ƙashi mai raɗaɗi, har aka sa wa cutar suna "itai-itai", daga kalmar da Japanawa ke furtawa idan sun ji zafi. A shekarar 1968 gwamnati ta amince cewa kadmiyam ne sanadin cutar. Aikin sauya ƙasar gonakin, waɗanda suka haura hekta 800, an fara shi a 1979, ba a kammala ba sai 2012.

Ku lura da abu biyu. Na farko, guba tana shiga jiki ta hanya biyu: ta ƙura, kamar a Zamfara, da kuma ta amfanin gona, kamar a Toyama. Na biyu, kwashe ƙasa aiki ne mai tsada da cin lokaci. Idan ƙasa mai arziki kamar Japan ta shafe shekara talatin da uku a kansa, yaya ƙaramin manomi mai lambu guda zai yi? Wannan tambaya ce ta sa masana suka nemi wata hanya ga gonakin da gubarsu ba ta yi tsanani ba.

Cirewa da ɗaurewa

Saiwar shuka ba ta da haƙori. Ba ta tauna ƙasa, sai dai ta sha abin da ya narke a ruwan da ke cikinta. Saboda haka, ƙarfen da ke cikin ƙasa kashi biyu ne: akwai wanda ya narke yana yawo a ruwa, akwai kuma wanda ya manne a jikin yumɓu ko ya dunƙule ya zama kamar tsakuwa. Na farkon shi ne shuka ke sha. Idan aka sami abin da zai mayar da narkakken ya zama dunƙulalle, to, abin da zai shiga ganye da ƙwaya zai ragu, ko da yake ƙarfen bai bar gonar ba.

Ku ɗauki misalin kare mai cizo. Mai gida yana iya fitar da shi daga gidan gaba ɗaya, wannan shi ne cirewa. Yana kuma iya ɗaure shi da igiya a gindin bishiya, wannan shi ne ɗaurewa. Ɗaurarren kare ba ya cizon mai wucewa daga nesa, amma yana nan da haƙoransa, kuma igiya tana iya tsinkewa. Duk abubuwan da za mu ambata a ƙasa igiyoyi ne.

Toka da ɓawon ƙwai da katantanwa

Ƙasa ma tana da tsami, kamar yadda lemo da tsamiya suke da shi. Ana auna tsamin da wani ma'auni da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Lamba 7 ita ce tsaka-tsaki, ƙasa da haka tsami ne, sama da haka kuma kishiyar tsami ce, irin halin kanwa. Yawancin amfanin gona sun fi son ƙasar da ke tsakanin 6 da 7. Idan ƙasa ta yi tsami, dalma da kadmiyam sukan narke da sauƙi. Idan tsamin ya ragu, sai su manne a jikin ƙasa.

Mai girki ta san cewa ɗan jiƙon kanwa ko ruwan toka yana kashe tsamin miya. Haka tokar itace take yi wa ƙasa. Ɓawon ƙwai ma haka, domin fiye da kashi 90 cikin ɗari na nauyinsa sinadari ɗaya ne da na dutsen farar ƙasa, wanda manoman duniya suka daɗe suna rage tsamin gona da shi. Masu shayi da gidajen burodi suna zubar da ɓawon ƙwai kullum. A garuruwan bakin teku kuwa, irin na jihohin Ribas da Bayelsa da Akwa Ibom, katantanwa da ɓawon sauran halittun ruwa tsibi-tsibi suke. Sai a wanke, a shanya, a daka su yi laushi, domin gari ya fi tsaki saurin aiki. Amma kada misalin kanwa ya ruɗe ku. Ba a zuba kanwa a gona, saboda gishirin da ke cikinta yana lalata ƙasa.

Gawayin ɓuntu da totuwa

Duk wanda ya je mashiƙar shinkafa ta Abakaliki a Jihar Ebonyi zai ga ɓuntu ya taru kamar tsauni. Haka abin yake a garuruwan shinkafa na Kebbi da Kano. Ga kuma totuwar masara da ɓawon gyaɗa da tuƙar rake da garin katako. Idan aka banka musu wuta a fili, sai su zama toka da hayaƙi. Amma idan aka gasa su a cikin rufaffiyar ganga ko rami inda iska ba ta shiga sosai, da zafin da ya kai digiri 300 zuwa 700, sai su zama gawayi.

Da za ku duba wannan gawayi da madubin ƙara girma, za ku ga cike yake da ƙananan ramuka kamar saƙar zuma. A jikin bangon waɗannan ramuka ƙarafa suke maƙalewa. Ban da haka, yawancin irin wannan gawayi yana rage tsamin ƙasa, yana riƙe danshi, kuma yana daɗewa bai ruɓe ba. Shaidar daɗewarsa tana yankin Amazon na ƙasar Barazil, inda har yau ake samun baƙar ƙasa mai albarka wadda mutanen da suka zauna a wurin ɗaruruwan shekaru da suka wuce suka cakuɗa da gawayi. Kafin a kai gawayi gona, yana da kyau a gauraya shi da taki a bar shi ya kwana biyu. In ba haka ba, yana iya tsotse abincin da shuka ke bukata a farkon damina.

Ƙashi

A kowace mahauta ana tara ƙasusuwan shanu da awaki, a kasuwannin kifi kuma ana zubar da ƙayar kifi. Ƙashi yana ƙunshe da sinadarin fosfet. Idan fosfet ya haɗu da dalma a cikin ƙasa mai danshi, sukan zama wani ma'adini mai wuyar narkewa. Wannan ita ce igiya mafi ƙarfi da aka sani ga dalma daga cikin abubuwan da ake zubarwa. A shekarar 2011, hukumar kare muhalli ta Amurka ta yi amfani da niƙaƙƙen ƙashin kifi wajen gyara ƙasar tsakar gidaje a wata unguwa ta birnin Oakland da ke Jihar Kalifoniya, inda dalma ta taru. Akan gasa ƙashi ko a dafa shi kafin a niƙa, don a kashe ƙwayoyin cuta a kuma hana wari.

Taki da ragowar masana'antu

Ruɓaɓɓen taki yana da wasu sinadarai masu kama ƙarfe su riƙe. Yana kuma taimakawa wajen mayar da nau'in kuromiyam mai tsananin guba zuwa nau'in da bai kai shi cutarwa ba. Sharaɗin shi ne takin ya ruɓe sarai, domin ruwan ɗanyen taki yana iya ɗaukar ƙarfe ya yi yawo da shi. Rauninsa kuma shi ne yana ƙarewa da wuri a ƙasashe masu zafi irin tamu, don haka sai an riƙa ƙarawa.

Wasu masana'antu ma suna da ragowar da ke da amfani. Laka da ke fita idan an tace ruwan rake a masana'antar sukari tana ƙunshe da farar ƙasa da ragowar tsiro. Dattin da ke tasowa a saman narkakken ƙarfe a masana'antar ƙarafa yana rage tsami. Sai dai irin waɗannan ba a kai su gona sai an gwada su, domin su kansu suna iya ɗauke da guba.

Matakan aiki

Idan ana zargin wata gona, ga yadda ya kamata a bi:

Da farko, a gwada. A tuntuɓi malamin gona, a ɗebi ƙasa daga wurare daban-daban na gonar a kai ɗakin gwaje-gwaje. Jami'o'i da cibiyoyin bincike, irin su Cibiyar Binciken Aikin Gona da ke Samaru a Zariya da cibiyar IITA da ke Ibadan, suna da masana kimiyyar ƙasa. Gwaji ne zai nuna wane ƙarfe ne, nawa ne, kuma yaya tsamin ƙasar yake.

Na biyu, a toshe hanyar da gubar ke shigowa. Ba amfani a zuba gawayi yau, gobe a shayar da lambun da gurɓataccen ruwa. Hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, ita ce ke da alhakin tilasta bin dokokin muhalli a matakin tarayya, kuma ana iya kai mata ƙara.

Na uku, a zaɓi abin da ya dace da ƙarfen, a cakuɗa shi da saman ƙasa inda saiwa ke yawo, bisa adadin da masana suka faɗa.

Na huɗu, a zaɓi abin shukawa. Ganyaye irin su alayyafo da latas, da kuma shinkafa, suna ɗaukar kadmiyam da sauƙi. Masu 'ya'ya, irin su tumatir da barkono, ba su cika tara dalma a cikin 'ya'yansu ba. A kuma wanke duk abin da aka girbe, domin ƙurar da ta manne a jikin ganye ita ma guba ce.

Na biyar, a sake gwada ƙasa da amfanin gona lokaci bayan lokaci.

Iyakar wannan hanya

Hausawa suna cewa garin neman gira a rasa ido. Akwai kurakurai huɗu da ya kamata ku sani. Na ɗaya, abin gyaran yana iya zama shi ne mai ɓatawa. Tokar katakon da aka yi wa fenti ko aka jiƙa da maganin gara, da tokar juji, da ɓuntun shinkafar da aka noma a gurɓatacciyar ƙasa, duk suna iya ƙara guba. Na biyu, yawan toka yana hana shuka samun baƙin ƙarfe da tutiya, sai ganye ya yi ɗorawa. Na uku, abin da ke ɗaure wani ƙarfen yana iya kwance wani. Fosfet yana ɗaure dalma, amma yana iya sakin asenik. Na huɗu, igiya tana tsufa. Ruwan sama da wasu takin zamani sukan dawo da tsamin ƙasa bayan 'yan shekaru, ƙarfen kuma ya sake narkewa.

Fiye da duka, ku tuna cewa wannan hanya ta gonar da gubarta ba ta yi yawa ba ce. Inda abin ya kai irin na Dareta da Bagega, babu toka ko gawayin da zai wadatar. Dole a kwashe ƙasar, a kuma kai yara asibiti a auna jininsu. Wanda ya ce muku buhun gawayi ya tsarkake irin wannan wuri, ya jefa rayukan yara cikin haɗari.

Kammalawa

Ƙasar noma gado ce da muka karɓa daga iyaye, za mu kuma miƙa wa na baya. Abin da aka zuba mata cikin shekara guda yana iya zama a cikinta bayan mai zubawar ya daɗe da barin duniya. Ɓuntu da ƙashi da ɓawon ƙwai suna da arha, suna kusa da kowa, kuma idan an yi aiki da su bisa ilimi suna rage gubar da ke kaiwa ga kwanon abinci. Amma ɗaure guba suke yi, ba cire ta ba. Shi ya sa maganar magabata take nan daram: rigakafi ya fi magani.

Ma'anar kalmomi

ɓuntu: ɓawon da ke fita daga jikin shinkafa idan an casa ta
totuwa: abin da ya rage bayan an ɓare ƙwayar masara
tuƙa: ragowar rake bayan an matse ruwansa
katantanwa: ɓawon dodon koɗi
juji: wurin zubar da shara
jima: gyara ɗanyar fata don a yi takalmi ko jaka da ita
tsumbure: kasa girma yadda ya kamata
kankare: cire saman abu da wani abu mai kaifi
tsaki: abin da aka daka bai yi laushi ba
ɗorawa: launi irin na garin 'ya'yan itacen ɗorawa

Nahawu

(a) Ɗafa-goshin "ma-". Ana liƙa "ma-" a gaban aikatau don a sami sunan mai yin aiki, ko wurin aiki, ko kayan aiki. Ƙarshen kalmar da karin sautinta su ne ke nuna bambanci.

Mai aiki: noma, manomi, manomiya, manoma, haƙa, mahaƙi, mahaƙa, jima, majemi, majema.
Wurin aiki: mahaƙa, inda ake haƙa, majema, inda ake jima, mahauta, inda ake fawa.
Kayan aiki: auna, ma'auni, duba, madubi, buɗe, mabuɗi.

Ku lura cewa a rubuce "mahaƙa" tana iya nufin mutane masu haƙa ko wurin haƙa. Jimla ce ke fayyacewa: "Mahaƙa sun tafi" da "Mahaƙar ta rufta." Ku roƙi malaminku ya furta muku su don ku ji bambancin karin sauti.

(b) Aikatau mai ƙarewa da "-u". Wannan siga tana nuna cewa aiki ya tabbata sosai a kan abu: gyara, ƙasar ta gyaru, ɗaure, karen ya ɗauru, niƙa, ƙashin ya niƙu. Idan aka ce "ba ta gyaruwa", ana nufin ba zai yiwu a gyara ta ba.

Auna fahimta

1. Me ya bambanta gubar ƙarfe da sauran dattin da ke zuba a ƙasa?
2. Kawo hanyoyi huɗu da ƙarafa masu guba ke shiga gona.
3. Ta wace hanya dalma ta shiga jikin yara a Zamfara, ta wace hanya kuma kadmiyam ya shiga jikin mutanen Toyama?
4. Bayyana misalin kare da igiya da kalmominka.
5. Me ya sa ake gauraya gawayi da taki kafin a kai shi gona?
6. Don me ba a zuba niƙaƙƙen ƙashi a gonar da ke da asenik ba tare da shawarar masana ba?
7. Mayar da waɗannan zuwa jam'i: ƙarfe, gona, ƙashi, kogi, ƙauye, rami.
8. Gina jimla da kowace daga cikin waɗannan: wanku, dafu, ma'aji, marubuci.

Aikin aji

Ku jiƙa zoɓo a ruwan zafi, ku tace, ku raba ruwan a kofi uku. Ku bar na farko yadda yake. Ku matsa lemon tsami a na biyu. A na uku ku zuba ɗan ruwan toka da aka tace. Ku dubi yadda launin kowanne ya kasance, sannan ku rubuta jimloli biyar da Hausa a kan abin da kuka gani da kuma alaƙarsa da tsamin ƙasa. Kada kowa ya sha abin da ke cikin kofunan, kuma ku wanke hannu bayan kun gama.

Jinga

Ku zaga unguwarku ko garinku, ku rubuta sunayen abubuwa uku da ake zubarwa da yawa waɗanda aka ambata a wannan darasi, da wurin da ake samunsu. Kada ku taɓa tsofaffin batura ko ku shiga juji. Daga nan kowa ya rubuta wasiƙa mai kalmomi 150 zuwa ga shugaban ƙungiyar manoman yankinsa, yana bayyana masa dalilin da ya sa ya kamata a gwada ƙasa kafin a zuba mata kowane irin taki.